Toyota Highlander mai fulogi shida da mai fulogi huɗu: wadda zan saya wa iyalina

A wurin masu sayar da mota, tambayar da mai saye yake fara yi idan ya tsaya gaban babbar jif ita ce ko fulogi nawa ne, wato silinda nawa injinta yake da su, tunda kowace silinda da fuloginta ɗaya, domin an daɗe da yarda cewa mai shida tana da ƙarfi amma tana zuƙar mai, ita kuwa mai huɗu tana da tattali amma ba ta da kuzari. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 wannan tambaya ta ƙara nauyi, har wasu magidanta suka ajiye manyan motocinsu suka koma ƙanana. Na tuƙa Highlander ƙirar 2021 mai silinda shida, na kuma tuƙa ƙirar 2023 mai silinda huɗu, kuma abin da na gani bai yi daidai da waccan tsohuwar fahimta ba.

Kamfanin Toyota yana haɗa wannan mota a garin Princeton na jihar Indiyana a Amurka, daga can ne kuma mafi yawan na hannu suke shigo mana. Daga ƙirar 2020 zuwa ta 2022 injinta mai silinda shida ne, mai lita 3.5 da ƙarfin doki 295. A ƙirar 2023 sai kamfanin ya cire shi ya sanya mai silinda huɗu mai lita 2.4, wanda aka ƙara wa turbo, wato na'urar da ke amfani da hayaƙin da ke fita ta salansa wajen juya farfela, ita kuma ta cusa ƙarin iska cikin injin. Ƙarfin doki ya sauka zuwa 265, amma ƙarfin murɗawa, wanda shi ne ke tayar da mota daga tsaye ya kuma hau da ita tudu, ya tashi daga 357 zuwa 420 a ma'aunin Nm. Giya takwas ce mai canza kanta a duka biyun, kuma nauyin da aka yarda kowace ta ja bai canza ba, kimanin kilo 2,270.

A bisa titi bambancin yana fitowa ne tun daga taka totur na farko. Mai huɗun tana bayar da cikakken ƙarfinta tun injin yana juyi 1,700 a minti ɗaya, saboda haka a cikin cunkoson gari, da mutum bakwai a ciki da na'urar sanyaya a kunne, tana zabura ba tare da an matsa mata ba. Mai shidan sai injin ya kai wajen juyi 4,700 kafin ta nuna iyakar abin da take da shi, wanda ke nufin dole giya ta sauko idan ana son wuce tirela. Sai dai idan ta sauko ɗin, motar tana tafiya sumul, da wata murya mai daɗin ji wadda ba ta damun wanda ke barci a kujerar baya. Mai huɗun tana da gurnani idan aka taka ta sosai, kuma ana jin ɗan kaɗawa a sitiyari idan tana tsaye a kunne. Wannan ba aibu ba ne da zai hana saye, amma wanda ya saba da mai shida zai lura da shi tun ranar farko.

Batun mai ne ya fi ba ni mamaki. A ƙididdigar hukumar kare muhalli ta Amurka, mai shida da ke ja da ƙafafun gaba tana cin kimanin lita 9.8 a kowane kilomita 100, mai huɗun kuwa lita 9.4. Idan aka lissafa wannan a kan tafiyar Kano zuwa Abuja, abin da aka rage bai kai lita 2 ba, kuma direba mai nauyin ƙafa zai cinye wannan rarar tun kafin ya isa Zariya, domin turbo idan ta buɗe tana neman mai daidai da iskar da take cusawa. Akwai ma wani abu da ya kamata masu neman tsofaffin ƙira su sani. Highlander ta 2017 zuwa 2019 tana da wani injin mai silinda huɗu, mai lita 2.7 marar turbo da ƙarfin doki 185 kacal, kuma a ƙididdigar waccan hukuma ya ɗan fi mai shida na shekarunsa cin mai, saboda ƙaramin inji ne aka ɗora wa jikin da ya fi ƙarfinsa. Wanda ya saye shi don tattali ya yi asarar ƙarfi bai kuma sami sauƙin mai ba.

Wajen gyara kuwa kowanne da nasa. Mai shida a kwance yake a gicciye, fulogi uku na baya suna ɓoye ƙarƙashin bututun shigar iska, sai an kwance shi kafin a kai gare su, don haka kuɗin aikin bakanike ya fi yawa. Amma dangin wannan inji sun daɗe a cikin Camry da Sienna da Lexus RX 350, kanikawanmu sun san shi ciki da waje, kayansa kuma ba sa wuya a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ko Fanteka ta Kaduna. Injin mai turbo sabo ne a hannunsu, yana aiki cikin zafi mai tsanani, kuma ba ya yafe sakaci. Yana son baƙin mai mai lamba 0W-20 na gaske, a kuma juye shi a kan lokaci, alhali mun san yadda jabu ya yi yawa a kasuwa, da yadda wasu ke zuba mai kauri da sunan wai ya fi dacewa da zafin ƙasarmu. Ƙurar hunturu ma tana buƙatar a riƙa duba matatar iska fiye da yadda littafin motar ya tsara.

Ba dukan kamfanoni ne suka bi wannan hanya ta komawa inji mai silinda huɗu da turbo ba. Honda ta ci gaba da amfani da silinda shida a Pilot ɗin da ta sabunta a 2023, yayin da Volkswagen Atlas da Chevrolet Traverse suka koma huɗu mai turbo a ƙirar 2024.

Da ni ne mai saye a yau, mazaunin Kano mai yawan tafiya da iyali zuwa gida, zan ɗauki mai shida ta 2020 zuwa 2022, saboda natsuwarta a doguwar hanya da kuma sauƙin samun wanda zai taɓa ta idan ta tsaya a ƙauye. Mazaunin Abuja da ke da amintaccen gareji zai ji daɗin mai turbo a zirga-zirgar gari. Wanda kuwa kuɗin mai ne ainihin damuwarsa, sai ya dubi Highlander mai haɗa fetur da lantarki, wadda injinta mai silinda huɗu ne mai lita 2.5, tana kuma cin kimanin lita 6.5 a kilomita 100, muddin ya sa an gwada masa lafiyar batirinta kafin ya biya.