Kurajen ƙeya da na bakin goshi ba magani ɗaya ke yi musu ba

Ɗan'uwa, ka ce duk sanda ka yi aski sai kuraje su feso maka a ƙeya, maiɗakinka kuma nata a bakin goshi da tsagar kitso suke fitowa, kana tambaya ko shamfu guda zai ishe ku. Yadda ka kwatanta su, ciwo biyu ne, kuma naka ya fi nata neman gaggawa.

Nata na toshewa ne. Kowane silin gashi yana da ramin da yake tsirowa, kuma ta nan fata ke fitar da maiƙonta. Idan man kitso mai kauri ko basilin ya haɗu da zufa da ƙura, sai bakin ramin ya liƙe, ƙwayar cuta mai suna Cutibacterium acnes ta samu wurin hayayyafa, ƙurji ya taso. Ka duba bazarar Maraɗi, Afrilu da Mayu, zafi ya haura digiri 40, ga kallabi ga hijabi a kai wuni guda, kitso ya yi makonni ruwa bai taɓa shi ba. Idan makitsiya mai ja ce kuma, jan kansa yana tayar da ƙananan kuraje a bakin gashi.

Naka ba maiƙo ne tushensa ba, rauni ne ake maimaitawa a wuri ɗaya. Gashinmu murɗaɗɗe ne. Idan aska ta kwashe shi ƙwal, ko injin aski ya kankare ƙeya don a fitar da layi, yakan lanƙwashe ya soki fata wajen tsirowa, wurin ya kumbura. Wuyan riga da bakin hula su yi ta gogarsa, in ɗan kabu-kabu ne ga hular kwano. Likitocin fata na kiransa acne keloidalis nuchae, kuma ya fi kama samari da magidanta baƙar fata. Abin da ya sa nake jin tsoronsa shi ne ƙarshensa: nata ƙurjin yakan nuna ya baje, gashi ya ci gaba da tsirowa, naka kuwa yana taurara, ƙananan su haɗe su zama tudu mai sheƙi, gashin wurin ya tafi ke nan.

Wajen magani ma hanya ta rabu. Ita yawanci a gida za ta gama da shi. Ta rage mai, ta riƙa shafa shi a jikin gashi maimakon cusa shi a fatar kai, ta wanke kai aƙalla sau ɗaya a mako, ta bari ya bushe kafin ta ɗaura kallabi, ta kuma yawaita wanke kallabin da rigar matashi. A farmasi ta nemi shamfu mai salicylic acid, ta bar kumfar kamar minti 5 kafin ta ɗauraye. In akwai amosani da ƙaiƙayi, mai ketoconazole kashi 2 cikin 100 ya fi dacewa. Sabulun benzoyl peroxide ma yana aiki, sai dai yana koɗar da launin tufafi. Ta yi haƙurin mako 6 zuwa 8 kafin ta ce bai yi ba. Sabulun salo yana wanke maiƙo da kyau, ban hana ba, amma man kaɗanya da ake ba da shawarar a lafta zai iya ƙara toshe ramin.

Kai kuwa maganinka na farko a wurin mai aski yake. Ka daina ƙwal-ƙwal, ka ce ya bar gashin ƙeya da ɗan tsawo, kada reza ta taɓa wurin. In da hali ka sayi injinka. In babu, ka ga an goge bakinsa da alkol a gabanka, domin ta nan ƙwayar cuta mai suna Staphylococcus ke ratsawa daga kai zuwa kai. Sauran aikin na likita ne: man shafawa mai kwantar da kumburi irin clobetasol, da clindamycin, wani lokaci ƙwayar doxycycline ta wasu makonni. Waɗanda suka taurara allurar triamcinolone ake yi a cikinsu, manya kuma sai fiɗa. Ka fara daga CSI, wato ƙaramin asibitin unguwarku, su tura ka babban asibiti in ta kama.

Don Allah kada ka saurari masu cewa a zuba man birki, ko ruwan batir, ko a tsaga da aska. Fatar da ke saurin yin tabo ce ake ƙara ƙonawa, tudun sai ya ninka. Kuma kada ka raba doxycycline ɗinka da maiɗakinka, ba a ba mai ciki, ba a ba yaro ɗan ƙasa da shekara 8.

In kuma ka ga kan ɗaya daga cikin yaranku ya yi fari-fari a zagaye, gashi na karyewa, wannan makero ne, wata ƙwayar cuta dangin naman gwari ke kawo shi, yana yaɗuwa ta mataji da hula da kayan aski. Shafe-shafe kaɗai ba ya kashe shi, sai maganin sha irin griseofulvin na mako 6 zuwa 8, bisa awon likita.