Hattara da mai ɗaga kat-kat da ke yawo a Maradi

Assalamu alaikum ƴan'uwa, musamman masu Hilux da Land Cruiser da direbobinsu. Akwai wani mutum da ke tallar kansa a WhatsApp da Facebook, wai gwani ne wajen ɗaga mota, wato ƙara mata tsawo daga ƙasa, ta hau duwatsun Ayar ko ta kai Jado wurin zinariya, ta dawo kuma ta yi gudu kan kwalta lafiya lau. Hotunan da yake turawa na motocin Dubai ne da Ostireliya. Ba shi da garejin kansa, yau yana aiki a wannan rumfa, gobe a waccan.

Hanyarsa biyu ce. Ta farko, ya karɓi rabin kuɗi kafin alƙalami, ya ce kaya na teku. Idan ka matsa, sai ya ce ai iyakar Benin a rufe take tun 2023, kwantenar ta bi ta Lome da Burkina, ka ƙara haƙuri. Rufe iyakar gaskiya ne, shi ya sa mutane ke yarda. Daga baya lamba ta mutu.

Wanda aka yi wa haka, kuɗi kawai ya rasa. Ta biyun ce ta sa na zauna rubutu, domin a nan yana yin aikin ne da gaske. Na leƙa ƙarƙashin Hilux ɗin wani maƙwabcina da ta fito daga hannunsa, wallahi jikina ya yi sanyi. Shokazoba tsofaffi ne aka fesa musu fenti ruwan ɗorawa, aka manna takarda mai sunan Old Man Emu, wani sanannen tambarin shokazoba, alhali mai na tsiyaya daga jikinsu. A baya ya tura guntayen ƙarfe tsakanin sifirin da aksil, ya ɗaure da tsofaffin ƙusoshi da zarensu ya kusa ƙarewa. Tiyon birki bai sauya shi da dogo ba, yana nan a miƙe kamar tsirkiya, rami ɗaya ya isa ya tsinka shi.

Mafi muni shi ne difaranshal, akwatin haƙoran da ke raba juyi tsakanin tayoyi biyu. An biya shi kuɗin makulli, wato na'urar da direba ke kunnawa idan ya shiga dutse ko yashi domin tayoyi biyu su juya tare, ya kashe ta idan ya hau kwalta. Shi kuwa buɗewa ya yi ya yi wa haƙoran walda, ya sa maɓalli a gaban direba da wayar da ba ta zuwa ko'ina. A yashin Gulbin Kaba motar za ta burge ka, ba ta kafewa. Amma a kwana, tayar waje tafiyarta ta fi ta ciki tsawo, dole kowace ta juya da nata gudun. Idan an haɗe su har abada, taya na jan ƙasa, aksil na murɗewa, mota ta ƙi bin sitiyari, balle ranar da aka yi ruwa. Ku ɗora wannan kan motar da aka ƙara wa tsawo, an loda mata jarkoki da mutane a sama, tana gudu tsakanin Maradi da Tasawa. Ai rayukan bayin Allah ne.

Ɗaga mota ba laifi ba ne, sai dai yana da iyaka. Hilux ta zamani ƙafafunta na gaba kowace zaman kanta take, idan aka wuce wajen santimita 5 sai shaf ɗin gaba ya karkace, robobinsa su yage. Manyan tayoyi kuma suna ƙara nisan tsayawa idan an taka birki, kuma agogon gudu zai nuna maka ƙasa da ainihin gudun da kake. Makanike na kirki zai gaya maka wannan kafin ya taɓa sifana. Shi wannan sai dai ya ce, “Alhaji, ka bar min komai.”

Don Allah kada ku aika ko dala kafin ku ga kaya da idonku, a kwalinsu, tare da makaniken da kuka amince da shi. Taya, ku duba lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT a gefenta: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019, komai sheƙin da aka goga mata. Makulli kuwa, a tokare tayoyin gaba, a ɗaga bayan mota da jak, a cire giya, a saki birkin hannu, a kashe maɓallin, mutum ɗaya ya riƙe taya guda, wani ya juya ɗayar. Idan ta ƙi motsi ko kaɗan sai dai su tafi tare, a buɗe difaranshal ɗin a gabanku.

Wanda motarsa ta riga ta bi ta hannunsa, kada ya ɗauki fasinja sai an duba ta. Ku adana saƙonninsa da takardar aika kuɗin, ku kai komisariya ko wajen jandarma. Jin kunya kada ya hana ku, domin na ji an ce yanzu ya fara neman masu motocin Dakoro da Mayahi.