Ƙarin ruwan IVIG ya tashe ni, amma ba ya son gaggawa

Duk mai fama da ciwon da garkuwar jiki ke juyowa ta yaƙi mai ita, ya dace ya tambayi likitansa batun IVIG. Ni damatomayosaitis ke damuna, ciwon da ke kashe ƙarfin tsoka, ya feso jan ƙurji a fatar ido da gaɓoɓin yatsu. Firednisolon, maganin da nake sha domin ciwon, ya kumbura mini fuska, sukarina ya hau, duk da haka ba na tashi daga kujera sai na dafa. Taje kai ma hannu ba ya kaiwa.

IVIG ruwa ne garau a kwalba, sojojin garkuwa da aka tace daga ruwan jinin dubban masu ba da jini. Da nauyin mutum ake auna shi, ga mai irin ciwona giram 2 a kowane kilo duk wata. Ni mai kilo 60 giram 120 ke nan, lita ɗaya da ɗoriya, ana raba shi kwana biyu zuwa biyar. A 2021 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da wani nau'in IVIG mai suna Octagam 10% domin wannan ciwon.

Inda gizo ke saƙar shi ne gudun ruwan. Nas kan fara a hankali, ta auna hawan jini, sannan ta ƙara. Ranar da aka ɗan yi sauri, da dare kaina kamar zai tsage, wuya ya sage, hasken fitila ma ba na so. Tun daga nan bakina ya saba: "Sista, don Allah a rage gudun." Gara in wuni a kujerar. Ina shan ruwa sosai tun jajibiri, a ba ni farasitamol kafin a ɗaura, ciwon kan ya zo da sauƙi. Gwajin ƙoda kuwa kada a yarda a tsallake shi. Ƙafa ta kumbura, ƙirji ya riƙe, ko fitsari ya yi baƙi, a koma asibiti nan take, domin maganin yana iya jawo daskarewar jini ko fashewar ƙwayoyinsa.

Yanzu ina hawa bene ba mai riƙe ni, ƙurjin ya dushe, likita yana ta rage mini firednisolon. Alhamdu lillahi.

Sai dai ba warkewa ba ce. Mako uku zuwa huɗu ƙarfin ruwan ke ja baya, cinyoyina sukan riga kalanda sanar da ni. Ga tsada, ga ƙarancinsa, tunda sai an ba da jini ake samunsa. Kafin a ɗaura kwalbar farko, a zauna da likita a tabbatar ta wata mai zuwa za ta samu.