Jinkirin shiga sabar gida: a kashe UseDNS ko a gyara fayil ɗin hosts?

Hausawa masu ƙananan harkoki a Jidda da Makka da ke ajiye sabar Linux a gida sukan ga shiga ta SSH (hanyar shiga sabar daga wata kwamfuta) ya tsaya cik kafin a nemi kalmar sirri. Idan zaɓin UseDNS na kunne, galibi sabar ce ke tambayar DNS (tsarin da ke haɗa sunayen kwamfutoci da lambobinsu) sunan kwamfutar da ke neman shiga, kuma duk tambayar da ba a amsa ba takan cinye daƙiƙa 5.

Hanya ta farko ita ce a rubuta "UseDNS no" cikin /etc/ssh/sshd_config, a sake tayar da sshd, manhajar da ke karɓar masu shiga ta SSH, don sabar ta daina wannan tambaya. OpenSSH, wadda sshd ke cikinta, ita kanta ta mai da wannan tsarinta na asali tun fitowar 6.8 a 2015. Illarsa ita ce ƙa'idojin da ke tantance mai shiga da sunan kwamfuta za su daina aiki, sai dai a koma ga lambar IP, wato adireshin kwamfuta a kan hanyar sadarwa.

Ta biyu, wato jera kowace kwamfuta da lambarta cikin /etc/hosts, tana barin waɗannan ƙa'idoji daram, amma da zarar rauta (na'urar da ke raba intanet a gida) ta sauya wa wata kwamfuta lamba, an koma gidan jiya. A gidan da wayoyi da kwamfutocin baƙi ke shige da fice, musamman lokacin Umara, ta farko ta fi dacewa nesa ba kusa ba.