Na sa 9front a tsohuwar ThinkPad, ga yadda muka kwashe

Wata biyu kenan da na sayi wata laptop ThinkPad X230 ta hannu a Tip Toe Lane can Circle a Accra, mai shagon ya rantse min batir na kai awa uku, ƙarya ne wallahi, minti arba'in ya mutu, amma ba wannan ya kawo ni ba. Na saya ne don in gwada 9front, wato reshen Plan 9, wani tsarin sarrafa kwamfuta kamar Windows ko Linux, da wasu suka ɓalle da shi a 2011. Plan 9 ɗin kuwa su Rob Pike da Ken Thompson ne suka fara shi a Bell Labs ƙarshen shekarun 1980, mutanen da suka yi Unix, kuma a kansa aka fara amfani da UTF-8, tsarin adana haruffa a kwamfuta, a 1992, abin da ya sa yau ƙ da ɗ da ɓ ɗinmu ke fita lafiya a waya.

Abin da ya kama ni shi ne komai fayil ne, kuma da gaske suke ba kamar Linux da ke faɗa rabi da rabi ba. Wasiƙunka na imel akwai wani shiri upas/fs da ke shimfiɗa su kamar folda, kowace wasiƙa da lambarta, ciki ga from ga subject ga body, duk rubutu ne zalla. Na zauna a ɗakina a Nima da daddare ina neman wasiƙar da wani kwastoma ya turo min kan gyaran firinta, grep ɗaya na buga, wato umarnin neman kalma cikin fayiloli, ta fito, ba wani manhaja da na buɗe. Abin da ka kwafa yana zaune a /dev/snarf, ka yi cat, umarnin nuna abin da ke cikin fayil, ka gani. Shiri ya ƙi mutuwa, ka rubuta kill cikin fayil ɗinsa na ctl, wato na ba da umarni, a /proc, shikenan ya tafi lahira.

Tsarin nan na ctl da data shi ya fi burge ni. Kana son haɗi da wata kwamfuta, ka buɗe /net/tcp/clone ya ba ka lamba, ka rubuta connect da adireshin a ctl, sai ka riƙa karatu da rubutu a data. Umarni gefe guda, kaya gefe guda, kamar mai waakye da ta ware mai karɓar kuɗi da mai zubawa. Kuma tunda duka ta yare ɗaya suke magana, 9P, za ka iya ɗauko /net na wata na'ura ka ɗora a naka ka fita intanet ta can. Kowace taga ma da nata /dev/cons, ba mai taka na wani. Ƙanena da ke karatu a jami'ar Legon na nuna masa, ya ce yaya ai WSL, wato Linux ɗin cikin Windows, ma da 9P yake raba fayiloli, na ce to ka gani.

Yanzu inda takalmin ke matsi. Wayfai sai da na nemo wani fayil na Intel na saka da hannu, kwana biyu ina kan kebul. Linzami dole mai maɓalli uku, sa'a ThinkPad na da su. Burauza kuwa kar ma a yi maganar, tasu mai suna mothra rubutu da hotuna kawai take nunawa, ba WhatsApp Web ba YouTube, shafin banki ma ko motsi. Jama'ar 9front kuma in ka yi tambayar da ke cikin littafin bayani ba za su lallashe ka ba.

Ni dai na ba shi uku da rabi cikin biyar. Aikin shago na koma Ubuntu Linux, sai dai yanzu na sa wani shiri sshfs ina hawa sabar kwastomomi kamar folda, ThinkPad ɗin kuma tana nan kan tebur jone da caja saboda batirin nan.