Na'urar gano hayaki mai batirin shekara 10: abin da na gani bayan wata shida

Wata shida ke nan da na kafa na'urorin gano hayaki guda uku a gidana, irin waɗanda ke aiki da ɗan haske a cikinsu, wato da zarar hayaki ya shiga ya karkatar da hasken sai ƙararrawa ta tashi. Na zaɓi wannan nau'in ne domin ya fi saurin gano wutar da ke ci a hankali, kamar wadda ta kama katifa cikin dare. Kafawar ba ta da wuya, kuma batirin a rufe yake, sai bayan shekara 10 a sauya na'urar gaba ɗaya.

Wadda na liƙa kusa da kicin ta dame mu da kuka duk lokacin da ake suya, har sai da na matsar da ita mita 3 daga murhu, sannan aka samu lafiya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne gwajin da muka yi da dare. Ƙarar ta kai desibel 85 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin ƙara), kuma da maiɗakina ta danna maɓallin gwaji sai na zabura, amma yaronmu ɗan shekara shida juyawa kawai ya yi ya ƙara jan bargo. Ƙananan yara suna da nauyin barci, sau da yawa irin wannan ƙara mai tsini ba ta tashinsu, kuma takardar bayanin da ta zo cikin kwalin ba ta ce uffan a kan haka ba. A ganina wannan ne babban aibin kayan.

Dole muka sake tsarinmu na tserewa idan gobara ta tashi: ni ne zan ɗauko yaron, ita kuma ta ɗauki jaririya, kowane ɗaki mun san hanyoyin fita biyu, mun kuma tsayar da wuri guda a waje inda za mu haɗu, ba mai komawa ciki ɗaukar komai. Mun koya wa yaron rarrafe ƙarƙashin hayaki da taɓa ƙofa da bayan hannu don jin ko tana da zafi kafin buɗewa, ya kuwa ɗauki abin kamar wasa.

Zan sake sayenta, sai dai a ɗakin yara zan nemi mai fitar da muryar mutum.