Asibitin Ƙashin da Ya Duba Ruwan Gwiwar Mahaifiyata a Ikeja

Mahaifiyata ta shekara 3 tana fama da amosanin gaɓɓai a gwiwarta ta dama, har ta koma yin salla a kan kujera. Da gwiwar ta kumbura ta yi suntum a farkon damina, maƙwabtanmu a Agege sun ba da shawarar a kai ta Asibitin Ƙashi na Ƙasa da ke Igbobi, amma saboda ba za ta iya jure dogon zama a mota ba, sai muka zaɓi wani ƙaramin asibitin kuɗi a yankin Ikeja.

Abin da ya fi burge ni shi ne likitan bai tsaya a kan hoton ƙashi kaɗai ba. Ya sa aka ɗauki hoton tana tsaye, domin a ga gaɓar yayin da nauyin jiki ke kanta, sannan ya ce a ma'aunin Kellgren da Lawrence na 1957, wanda ya kasa cutar daga mataki na 0 zuwa na 4, gwiwar Hajiya tana mataki na 3: guringuntsi ya zaizaye, tazarar da ke tsakanin ƙasusuwan biyu ta ragu, kuma ƙashi ya yi tsiro a gefe. Sai dai ya nuna mini cewa hoton ba ya bayyana tantanin da ke lulluɓe gaɓar daga ciki, alhali shi ne yake kumbura ya zubo ruwa fiye da kima, kuma wannan kumburin yana yawan tafiya tare da tsananin zafi da saurin lalacewar gaɓar. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa za a ga mutum biyu masu hoto kusan iri ɗaya, ɗaya yana zuwa kasuwar Mile 12 da ƙafarsa, ɗaya kuwa ko tashi daga tabarma ba ya iyawa.

Bayan an wanke wurin da maganin kashe ƙwayoyin cuta, sai ya zuƙo ruwan da sirinji. Ruwan ya fito rawaya garau mai yauƙi, wanda ya ce alama ce mai kyau, amma duk da haka ya tura shi ɗakin gwaji. A irin amosanin da zaizayewar guringuntsi ke kawowa, fararen ƙwayoyin jini a ruwan gaɓa ba su cika wuce 2,000 a kowace mikrolita (kashi ɗaya cikin dubu na mililita) ba. Idan sun haura 50,000 kuwa, to ana zargin ƙwayoyin cuta sun shiga gaɓar, kuma wannan lamari ne na gaggawa. An kuma duba ko akwai burbushin gishirin yurik da ke haddasa gawut, wani nau'in ciwon kumburin gaɓɓai, ba a samu ba. Sai da ya ga sakamakon nan sannan ya yi mata allurar rage kumburi a cikin gaɓar, yana gaya mata cewa, "Hajiya, sauƙin wannan allura na 'yan makonni ne, ba warkarwa take yi ba." Ya hana ta shan diclofenac ɗin da take saya a kyamis ba lissafi, saboda illarsa ga ciki da ƙoda, ya haɗa ta da mai gashin ƙashi domin a ƙarfafa naman cinyarta.

Akwai inda asibitin ya gaza. Mun shafe kusan awa 3 a layi duk da cewa an ba mu lokaci, kuma sakamakon gwajin da aka ce zai fito washegari sai da na yi sintiri sau biyu kafin na karɓa. Babu ma'aikaci ko ɗaya mai jin Hausa, saboda haka da ban raka ta ba, da bayanin nan duka ya wuce ta. Kuɗin ma ba a faɗe shi gaba ɗaya tun farko ba, a kowane ɗaki sai an miƙo sabon rasit, abin da ke tayar da hankalin mai ƙaramin ƙarfi.

Zan iya sake kai ta saboda likitan, amma zan nemi a rubuta mini jimillar kuɗin kafin a taɓa gwiwar. Yanzu kumburin ya sauka, tana takawa zuwa bakin titi da sanda, ko da yake har yau a kan kujera take yin sallarta.